Jikinmu Aikin Allah: Masaƙan Jiki da Ciwon Daji

 

A watan jiya mun yi magana a kan jini, muka kuma yi alkawari za mu shiga zancen ƙashi. Alkawarin yana nan, amma ku yi mana haƙuri har wata mai zuwa, gama wata tambaya ta sha gabanmu, ba mu kuwa ga ya kamata mu sa ta jira ba.

Wata yarinya ce a ajinmu ta yi tambayar. Gwaggonta ta rasu kwanan baya da ciwon daji na nono. Ita ce ta yi jinyarta a watannin ƙarshe, tana yi mata wanka, tana wanke mata zane. Ran da ta komo makaranta, da aka tashi, sai ta tsaya a bakin ƙofa har sauran yara suka watse. Ta ce, "Malam, ina da tambaya. Nono nama ne mai laushi. Me ya sa abin da ya fito wa Gwaggo ya yi tauri kamar dutse? Mutanen unguwarmu suna cewa jifa ne, wai dutse aka sa mata a ciki."

Muka ce, "'Yata, ba wanda ya sa wa gwaggonki dutse. Zauna mu gaya miki abin da ya taurara." Abin da muka faɗa mata a ranar shi za mu faɗa muku yanzu, sai dai a nan mun ƙara da sunayen masanan da suka gano waɗannan abubuwa, da shekarun da suka gano su.

Igiyar da ke riƙe da jiki

Wanda ya taɓa ganin magini yana kwaɓa ƙasa ya san yakan zuba ciyawa a ciki, ya tattake, domin ciyawar ce take riƙe ƙasa kada bango ya tsage. Jikinmu ma haka yake. An gina shi da ƙananan ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. A jikin babban mutum sun kai kimanin tiriliyan 30, watau miliyan sau miliyan har sau 30. Ƙwayoyin nan su ne tubalan ginin. Tsakaninsu kuwa akwai wani zare mai ƙarfi wanda ya ɗaure su wuri ɗaya. Sunansa kolajin.

Kun san shi, ko da ba ku san sunansa ba. Romon ƙafar saniya, in ya huce, yakan daskare. Kolajin ne ya narke a ciki. Ganda ma yawancinta kolajin ne. Fatar da majemi ya jeme, baduku ya ɗinka takalmi da ita, saƙar kolajin ce da ta rage bayan an kankare gashi da nama. Sunan kansa daga kalmar Helenanci ya fito mai ma'anar gam, gama mutanen dā sukan dafa fata da jijiya su sami abin liƙa katako.

Kusan kashi 1 cikin 3 na dukan furotin da ke jikin mutum kolajin ne. Yana cikin fata, da ƙashi, da jijiya, da guringuntsi, da bangon hanyoyin jini. Masana sun ƙidaya iri 28, amma iri na ɗaya ya fi sauran yawa nesa. A 1954 wani masani a Madras ta ƙasar Indiya, mai suna Ramachandran, ya nuna cewa kowane zaren kolajin sili uku ne aka tufke, kamar yadda muke tufka igiya. A iri na ɗaya, sili biyu kamarsu ɗaya, na ukun kuwa dabam yake. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Masu Littafi Mai Tsarki a kusa su buɗe sura ta 4 ta Mai-Wa'azi, wanda wani juyi yake kira Mai Hadishi, su ga abin da aka faɗa a kan irin wannan igiya.

Saƙar nan ba sau ɗaya aka yi ta aka gama ba. Kullum jiki yana kwance tsohuwa yana ɗaura sabuwa, aikin kuwa ba ya yiwuwa sai da bitamin C, irin wanda ke cikin lemu, da gwaiba, da garin 'ya'yan kuka. Matuƙan jiragen ruwa na dā, waɗanda sukan yi watanni ba su ci ɗanyen abu ba, dasashinsu yakan yi jini, haƙora su yi girgiɗi, har tsohon tabo ya sāke buɗewa. Saƙa ce ta tsaya, jiki ya soma kwancewa.

Masaƙa da littafinsu

Akwai ƙwayoyin jiki waɗanda babban aikinsu shi ne yin wannan zare. Za mu kira su masaƙa. Yaya masaƙiya take sanin irin zaren da za ta yi?

A tsakiyar ƙwaya akwai littafi, wanda masana suke kira DNA. An raba shi kundi 46, rabi daga uwa, rabi daga uba, an kuma ba su lamba biyu-biyu. A ciki akwai umarnai kimanin 20,000, kowanne yana faɗin yadda za a yi wani abu guda. Waɗannan su ake kira ƙwayoyin gado, amma mu za mu ce musu umarnai, don kada su rikice mana da ƙwayoyin jiki. Umarnin sili biyun nan masu kama ɗaya yana cikin kundi na 17. Umarnin sili na uku yana cikin kundi na 7.

Ƙwayar ido da ta hanta da masaƙiya duk littafi ɗaya suke riƙe da shi, amma kowace shafinta take karantawa, kamar yadda manhajar makaranta ɗaya ce, amma malamin aji uku ba ya koyar da darasin aji shida. Littafin kuma ba ya fita daga ɗakinsa. In ana bukatar kolajin, sai a kwafi umarnin a 'yar takardar aike, a kai ta wurin aiki. In an kwafi takardu da yawa, sai a sami zare mai yawa. In an rage kwafi, zare ya ragu. Takardun kuma ba su daɗewa, sukan lalace, sai an yi ta sabunta su.

Ga yadda abin yake tafiya sa'ad da lauje ya yanke mutum. Saƙo yakan kai ga masaƙan da ke kusa cewa an yi rauni. Sai su taru, su hayayyafa, su yi ta kwafin umarnin kolajin, su ɗinke wurin. Abin da suka saƙa shi ne tabo, shi ya sa tabo ya fi sauran fata tauri. Da rauni ya rufe, sai saƙon ya tsaya, masaƙa su huta. Wannan tsayawa ita ce lafiya.

Kazar da ta buɗe ƙofa

A 1909 aka kawo wa wani likita mai suna Peyton Rous, a Cibiyar Rockefeller ta birnin New York a Amurka, wata kaza mai ƙullutu a ƙirji. Ya duba, ya ga ciwon daji ne. Ya niƙa ƙullutun, ya tace ruwansa da matata wadda ba ta barin ko ƙwayar jiki ɗaya ta wuce, ya yi wa waɗansu kaji allurar ruwan. Su ma sai ƙullutu ya fito musu. A 1911 ya ba da labarin cewa wani abu ƙanƙane ƙwarai, irin wanda muke kira bairus, shi yake jawo ciwon. Masana da yawa ba su kula ba, suka ɗauka zancen kaji ne kawai. Sai a 1966 aka ba shi lambar yabo ta Nobel, yana da shekara 87.

Kada uwargida ta ji tsoron kazarta. Bairus ɗin Rous na tsuntsaye ne, ba ya sa wa mutum ciwon daji. Amfaninsa gare mu shi ne abin da aka koya ta wurinsa.

A 1958 Howard Temin da Harry Rubin, a Kalifoniya, suka ɗauki masaƙa daga jikin ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba, suka rene su a faranti. Lafiyayyun masaƙa sukan kwanta a miƙe, a jere, in sun taɓa juna kuwa sai su daina hayayyafa. Waɗanda bairus ya shiga sai suka dunƙule, suka yi ta hawa kan juna, suka tara tsibi. Daga baya aka gane umarni ɗaya tak ne cikin bairus ɗin yake yin wannan ɓarna. Aka sa masa suna src, ana faɗarsa "sak".

Babban abin mamaki ya zo a 1976. Michael Bishop da Harold Varmus da abokan aikinsu, a San Francisco, suka gano cewa umarnin nan ba na bairus ba ne tun asali. Daga littafin kaza ya sato shi, ya ɓata shi. Kowace lafiyayyar kaza tana da shi, mu ma muna da shi. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. An ba su lambar Nobel a 1989.

To, me umarni irin wannan yake yi a lafiyayyen jiki? Ku tuna da ƙararrawar makaranta. Akan buga ta, yara su tashi, sa'an nan ta yi shiru, a koma aji. Waɗannan umarnai ƙararrawa ce mai ce wa ƙwaya, tashi ki hayayyafa. Muna bukatarsu don girma da warkar da rauni. Amma in umarnin ya ɓaci, sai ƙararrawa ta yi ta bugawa dare da rana. A makarantar da ƙararrawa ba ta yin shiru, wa zai zauna ya yi aikinsa? An san irin waɗannan umarnai da yawa yanzu. Wanda ya fi suna shi ne ras. A 1982 aka same shi a ɓace cikin ciwon daji na mafitsarar mutum, harafi ɗaya kaɗai ne kuwa ya sāke a cikinsa. Kimanin kashi 1 cikin 5 na ciwon daji a mutane akan tarar da ɓataccen ras a ciki.

Masaƙiya ta ajiye saƙa

Yanzu mun iso ga zuciyar zancen. Me ke faruwa da kolajin sa'ad da ɓataccen umarni ya shiga masaƙiya?

A 1975 Warren Levinson da abokan aikinsa suka auna, suka tarar masaƙan ɗan tsako da bairus ɗin Rous ya juya sun rage yin kolajin ƙwarai. A 1977 masana a Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka, ƙarƙashin Ira Pastan da Benoit de Crombrugghe, suka duba takardun aike. Suka tarar na kolajin sun ragu zuwa wajen kashi 1 cikin 10 na yadda suke dā. A 1981 Paul Bornstein da mutanensa a birnin Seattle suka nuna cewa tun daga wurin kwafi abin ya lalace. An rage kwafin umarnin sili biyun da na sili na uku, dukansu tare, kamar hannu ɗaya ne ya rufe shafi biyu.

Ko an yage shafin ne? A'a. Ga yadda aka sani. Tun 1970 wani masani, Steven Martin, ya sami wani irin bairus ɗin Rous wanda ɓataccen umarninsa yake aiki in ɗumin faranti yana wajen digiri 36, amma ya kāsa in an kai shi 41. Da irin wannan bairus aka gwada. In an rage ɗumi, ƙararrawa ta soma bugawa, ƙwayoyi su dunƙule, kolajin ya ragu. In an ƙara ɗumi, ƙararrawa ta yi shiru, ƙwayoyi su miƙe su koma saƙa. Ashe umarnin kolajin yana nan lafiya lau. Hana karanta shi kawai aka yi.

A 1992 Bornstein da abokansa, cikinsu har da Iqbal Parker na Afirka ta Kudu, suka gwada da ɓataccen ras a masaƙan ɓera. Abin ya fito haka nan, har da ƙari. An rage kwafin takardun kolajin, waɗanda aka kwafa kuma suna saurin lalacewa.

Me ƙwayar daji take samu da ta bar saƙa? Lafiyayyar masaƙiya a ɗaure take jikin saƙarta, kamar akuya a turke. In an raba ta da abin da take manne da shi, ba ta hayayyafa. Ƙwayar daji kuwa ta daina bukatar turke. Ta bar aikin da take yi wa jiki, ta sa dukan ƙarfinta ga yawaita kanta.

Ba a nan ta tsaya ba. Jiki yana da waɗansu sinadarai masu yanka kolajin, za mu ce musu almakashi. A 1962 Jerome Gross da Charles Lapière suka fara gano ɗaya a wutsiyar talibambam, gama da shi yake narkar da wutsiyarsa sa'ad da zai zama kwaɗo. Almakashin nan yana da amfani in an yi aiki da shi a kan kari. Amma ɓataccen umarnin da ya rufe shafin kolajin shi ne kuma yake buɗe shafin almakashi. Ƙarƙashin ƙwayoyin da suke shimfiɗe a fata da hanji da bututun nono akwai wata siririyar tabarma ta kolajin iri na huɗu, wadda ta raba su da sauran nama. A 1980 Lance Liotta ya nuna cewa ƙwayoyin dajin da suka fi yanka wannan tabarma su ne suka fi yaɗuwa a jikin ɓera. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

To, daga ina taurin ya fito?

A nan ɗalibarmu ta katse mu. Ta ce, "Malam, in ƙwayar daji ba ta saƙa, tana ma yanka, ai kamata ya yi ƙullutun ya yi laushi." Muka ji daɗin tambayar, gama ta nuna tana bin zancen.

Amsar ita ce, yawancin ciwon daji na mutane, kamar na nono, da hanji, da huhu, da bakin mahaifa, ba daga masaƙa yake farawa ba. Daga ƙwayoyin shimfiɗa yake farawa, waɗanda suke kan tabarmar nan. Masaƙan da ke kewaye da su lafiyayyu ne, littafinsu bai ɓaci ba. Sai ƙwayar daji ta aika musu da saƙon ƙarya, irin saƙon da akan aika in an yi rauni. Babba cikin waɗannan saƙonni ana kiransa TGF-beta. Masaƙa kuwa amintattu ne, da jin an yi rauni sai su taru su kama saƙa. Amma wannan karon saƙon ba ya tsayawa. Su yi ta saƙa, suna ja, suna ɗaurewa, wata da watanni. A 1986 wani likita a Boston, Harold Dvorak, ya kwatanta ciwon daji da raunin da ya ƙi warkewa.

Abin da yarinyar nan ta taɓa a jikin gwaggonta ke nan: tabo ne a can ciki, tarin kolajin da aka saƙa kewaye da ƙwayoyin daji. Jan da zaren yake yi shi yake sa fatar nono ta loɓa, ko kan nono ya shige ciki. A 2006 kuma Patricia Keely da abokan aikinta a Wisconsin suka nuna cewa a bakin ƙullutu zaren yakan miƙe sambal yana fuskantar waje, ƙwayoyin daji kuwa su bi shi kamar turba su fita.

Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, wadda take yin insulin, likitoci suna ce mata fankiriyas. A ciwon dajinta, fiye da kashi 90 cikin 100 suna da ɓataccen ras, saƙar da ke kewaye kuwa takan fi ƙwayoyin dajin kansu yawa, har ta matse hanyoyin jini, magani ya sha wuyar shiga. Masana suka yi tunanin in an kawar da masaƙan za a sami sauƙi. A 2014 aka gwada a jikin ɓeraye, sai ciwon ya ƙara tsanani, ɓerayen suka mutu da wuri. Ashe katangar da maƙwabta suka gina, ko da yake mugu yana fakewa a bayanta, tana kuma tsare shi.

Kun tuna da sili uku? A 2022 Raghu Kalluri da mutanensa a Houston suka gano cewa ƙwayoyin dajin wannan gaɓa suna yin wani ɗan kolajin nasu na kansu, amma na jabu. Sun liƙe shafin da ke kundi na 7, saboda haka sili na uku ba ya fitowa. Igiyarsu sili uku ce duk iri ɗaya, tana kuwa taimakonsu girma. Da aka hana su yin ta a jikin ɓeraye, ɓerayen suka ƙara kwana.

Sanin irin waɗannan abubuwa yakan kai ga magani. Akwai wani ciwon daji na fata, mai girma a hankali, wanda akan ɗauka tabo ne mai kumburi. A 1997 aka gano dalilinsa. Kundi na 17 da na 22 ne suka karye suka haɗu a karkace, sai wani umarnin ƙararrawa ya faɗo daidai ƙarƙashin kan shafin kolajin. Duk sa'ad da masaƙiya ta buɗe shafinta don ta yi aiki, sai ta buga wa kanta ƙararrawa. Da aka san haka, aka gwada maganin da ake kira imatinib, mai toshe kunnen ƙwaya ga wannan kira. A 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a ba waɗanda ba a iya yi musu fiɗa ba.

Abin da ya rage gare mu

Na ɗaya, taurin ƙullutu ba shaidar jifa ba ne. Kada mu zargi kishiya, ko maƙwabciya, ko wata tsohuwa. Gidaje da yawa sun rabu a kan zargin abin da ba wanda ya aikata.

Na biyu, rashin zafi ba shaidar lafiya ba ne. Sau da yawa ƙullutun daji na nono ba ya ciwo da fari. Gwaggon yarinyar nan damina biyu ta yi tana ɓoye nata, tana cewa ai ba ya yi mata zafi. Duk macen da ta ji ƙullutu a nono ko a hamata, ko ta ga fata ta loɓa ko ta yi kamar ɓawon lemu, ko kan nono ya shige, ko jini yana fita, ta tafi asibiti cikin makon nan. Maza ma yakan same su, ko da yake ba safai ba. Yawancin ƙullutun nono ba daji ba ne, amma likita ne zai bambanta, yakan kuwa ɗebi ɗan nama ya duba da madubi. Kada a yi tsaga, kada a yi sakiya, kada a ɗaura magani mai cin fata. Muddin ƙwayoyin ba su yi nisa ba, fiɗa da sauran magani suna warkar da mutane da yawa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Na uku, ku mazaje, yawancin matan da suke ɓoyewa tsoro biyu ke hana su magana: tsoron kuɗin asibiti, da tsoron miji zai guje su in an cire nono. Ku cire musu wannan tsoro tun yau, tun ba abin da ya faru. Mai gida ya ce wa matarsa, in kin ji wani abu, ni za ki fara gaya wa, tare kuwa za mu tafi. Shugabannin zumuntar mata su ɗauki zancen nan a taronsu, dattawan ikkilisiya kuma su tuna da marasa hali in ana rabon baiko.

Na huɗu, ba a ɗaukar ciwon daji ta wurin jinya, ko cin abinci tare, ko wanke tufafi. Yawancinsa kuma ba gado ba ne, gama ɓacin umarnin a cikin rayuwar mutum yake faruwa, a ƙwaya guda. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai suke bin jini. Amma in uwa, ko 'yar'uwa, ko gwaggo ta yi shi, a gaya wa likita. Cin ganda, ko shan garin kolajin da ake talla, ba ya jawo ciwon, ba ya kuma warkar da shi.

Na biyar, kada wani ya ce hukunci ne. Ku karanta Yohanna sura ta 9, ku ga amsar da Ubangiji ya ba almajiransa sa'ad da suka nemi wanda za su ɗora wa laifin makantar wani. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Luka, wanda ya rubuta Bishara, likita ne. Mu yi addu'a, mu kuma kama hanya.

Akwai darasi kuma dominmu duka. Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa sura ta 12, ya kwatanta ikkilisiya da jiki mai gaɓoɓi da yawa. Mun ga yadda ɓarna take farawa a jiki: ƙwaya ɗaya ta bar aikin da take yi wa saura, ta tsinke abin da ya ɗaure ta da 'yan'uwanta, ta sa amintattu su yi mata bauta da labarin ƙarya. Marar lafiya ba shi da laifi cikin abin da ƙwayarsa ta yi. Amma mu da muke da hankali da zaɓi, kowa ya tambayi kansa ko yana saƙa a gidansa da ikkilisiyarsa, ko kuwa yanka yake yi.

Da muka gama, yarinyar ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, da Gwaggo ta je da wuri fa?" Ba mu ɓoye mata ba. Muka ce, "Da yawa da suka je da wuri suna nan da rai, suna renon jikokinsu. Amma gwaggonki ba ta san abin da kika sani yau ba, kada ki riƙe ta da laifi, kada kuma ki riƙe kanki. Kin yi mata abin da 'ya take yi wa uwa." Ta share hawaye, ta ɗauki jakarta, ta ce za ta gaya wa mamarta da daren nan.

Ku ma ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba a gidanku. Sa'ad da kuke addu'ar iyali, ku tuna da masu fama da wannan ciwo, da masu jinyarsu, da likitoci da masana, Allah ya ƙara musu hikima. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu cika alkawarin zancen ƙashi. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.